AMSAR WASIƘUNKU: Kindle Ko Kobo, Wace Ce Ta Fi Dacewa Da Mutumin Karkara?

  

A wannan mako wasiƙu biyu ne suka zo mana a kan magana ɗaya. Ta farko daga wani Alhaji ce, mai sayar da hatsi a jihar Jigawa. Ya ce ƙanensa da ke aiki a Ingila ya yi alkawarin sayo wa yaran gida na'urar karanta littafi, ya ce a zaɓa tsakanin Kindle da Kobo, shi kuwa bai san kan ko ɗaya ba. Ta biyu kuma daga wani Malam ce, manomi a yankin Maraɗi. Shi tambayarsa ita ce, yana da kyau ya sayar da tunkiya ya sayi irin wannan na'ura, ko kuwa wayar da ke hannunsa ta isa?

To, Alhaji da Malam, mun gode da wasiƙunku. Bari mu fara da bayanin ita kanta na'urar, saboda waɗanda ba su taɓa ganinta ba.

Wani ɗan allo ne shafal, girmansa bai wuce na ƙaramin littafi ba, ana zuba masa littattafai dubbai a ciki. Ba a kiran waya da shi, ba a kallon fim. Aikinsa karatu kawai. Fuskarsa ba irin ta waya ba ce. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a ciki, su ne ke jeruwa su zama haruffa, kamar tawada a kan takarda. Ba ya jan wuta sosai sai lokacin da aka buɗe sabon shafi, shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni. Kuma ana iya karatu da shi a tsakar rana, inda fuskar waya kan dushe. Ga wanda ke garin da babu lantarki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kindle ta kamfanin Amazon ce na ƙasar Amurka, ta fara fitowa a 2007. Kobo kuwa, ba kwabon kuɗi ake nufi ba. Sunan wani kamfani ne na birnin Toronto a ƙasar Kanada, wanda ya fitar da na'urarsa ta farko a 2010, daga baya kamfanin Rakuten na ƙasar Japan ya saye shi a 2012. Akwai ta uku, Nook, wadda ta fito a 2009, amma kasuwarta a Amurka take, don haka mu ajiye ta gefe.

In aka ɗora su a sikeli, jiki da jiki, tazarar ba ta da yawa. Ƙananansu duk inci 6 ne, dukansu suna da fitila a ciki don karatun dare, dukansu kuma sun fitar da mai launi a 2024. A shekarar 2024 an sayar da ƙaramar Kindle kusan dala 110 a Amurka, ƙaramar Kobo mai suna Clara BW kuma kusan dala 130. Ita Clara BW ba ta jin ruwa. Ƙaramar Kindle kuwa ba a yi ta da wannan kariya ba, sai an hau zuwa wadda ake kira Paperwhite, mai ƙarin kuɗi.

Saboda haka, Alhaji, kada ka tsaya kallon jikin na'ura. Abin da za ka fara tambayar kanka shi ne: littattafan da yaran nan za su karanta, daga ina za su fito? Wanda zai sayi kura ai sai ya san hanyar da za ta bi da kuma kayan da za ta ɗauko.

Ga dalili. Kowace na'ura an ɗaure ta ne da shagon mai ita. Littafin da ka saya a shagon Amazon, galibi an sa masa wani kwaɗo, ba ya buɗuwa a Kobo. Wanda ka saya a shagon Kobo mai kwaɗo shi ma ba ya buɗuwa a Kindle. Sayen kuma sai da intanet da katin banki mai biyan kuɗin ƙasar waje. Sannan yawancin abin da ke cikin shagunan nan da Turanci yake da sauran harsunan Turai da Asiya. Littattafan Hausa kaɗan ne ƙwarai. Mu a nan, abin karatunmu ya fi zuwa ta hannu da hannu: wani ya turo maka ta WhatsApp, malamin makaranta ya ba yara, ko malamin gona ya raba takardar bayani a kan iri da taki.

A nan ne bambancin yake. Littattafan na'ura iri biyu suka fi yawa, akwai PDF, akwai EPUB. Kobo tana karɓar duka biyun kai tsaye. Ka haɗa ta da kwamfuta da igiya, ka zuba, shi ke nan. Kindle tana karɓar PDF ta igiya, amma EPUB sai an aika wa Amazon ta intanet, ya juya shi, ya turo cikin na'urar, hanyar da ya buɗe a 2022, ko kuma a sami wanda ya iya juya shi a kwamfuta. Ke nan ga gidan da intanet ke yi wa wuya, Kobo ta fi sauƙin sha'ani. In kuwa ƙanenka yana da asusu a Amazon, kuma shi zai riƙa sayen littattafan Turanci daga can yana turo wa yara, to Kindle ta yi daidai, sai dai a riƙa kai ta inda akwai intanet lokaci lokaci.

Akwai wata magana da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya ji. Littafin da aka saya mai kwaɗo, izinin karantawa aka sayar maka, ragamar tana hannun mai shago. A 2009 Amazon ya goge wasu littattafan marubucin nan George Orwell daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu, bayan an yi ca a kansa ya nemi gafara. A 2014 kamfanin Sony ya rufe shagon littattafansa ya miƙa masu cinikinsa ga Kobo. A 2019 Microsoft ya rufe nasa, littattafan suka daina buɗuwa, ya biya mutane. A nan Nijeriya ma, OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suke sa littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Duk littafin da ba shi da kwaɗo, a ajiye kwafinsa a wani wuri dabam, ko a katin waya ko a kwamfuta.

Kafin a biya kuɗi, a gwada abu uku, don gani ya kori ji. Na ɗaya, a buɗe rubutun Hausa a duba haruffanmu masu ƙugiya, wato ƙ da ɗ da ɓ. Wasu salon rubutun ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a madadin harafi. Ana iya canza salon a cikin na'urar. Na biyu, a buɗe PDF, musamman irin littattafan Larabci da na ajami da aka ɗauki hotonsu shafi shafi. A fuska mai inci 6 rubutun kan yi ƙanana, ja da matsarwa kuma na'urar tana da nawa. Na uku, in ta hannu ce, a tabbatar mai ita ya cire asusunsa, kuma a gwada yi mata rajista a gabansa, domin Kindle da aka kai ƙarar an sace ta, Amazon kan toshe ta. A guji tsofaffi ainun, don tun 2022 akwai tsofaffin Kindle da ba a iya sayen littafi daga cikinsu. A kuma saya mata riga mai tauri. Gilashinta na ciki siriri ne, in aka danne shi a cikin kaya ya tsage, ba kowane mai gyaran waya ke da irinsa ba.

Yanzu sai kai, Malam na Maraɗi. Shawararmu ita ce ka bar tunkiyarka tukuna. In wayarka mai shafawa ce, tana buɗe PDF, kuma akwai manhajojin karatu na kyauta, har da na Kindle da na Kobo ɗin kansu. Akwai wata ƙungiya mai suna Worldreader da ta fara raba wa 'yan makaranta Kindle a ƙasar Gana a 2010, amma daga baya ta mayar da ƙarfinta ga karatu a waya, saboda ita ce ke hannun jama'a. Ka gwada karatu a wayar na wata biyu ko uku. In ka ga kullum kana cinye awa guda ko fiye, caji yana yanke maka, ido yana gajiya, to ka san na'urar za ta biya kuɗinta. In kuwa takardar bayanin noma ce jefi jefi, kuɗin nan ya fi amfani a taki, ko a ƙaramin faifan sola da zai riƙa caja wayar.

A taƙaice, Alhaji, in littattafan yara daga malamai da 'yan'uwa za su riƙa zuwa, ka ce wa ƙanenka Kobo. In shi zai riƙa saya daga Amazon, ka ce Kindle. Ko wacce aka kawo, a sa babba ɗaya ya kula da ita, a yi wa yara rabon lokaci.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a rubuta tambaya a fili, a kuma faɗi garin da ake. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.