Me 'Ya'yanmu Suke Karantawa?

Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni sura 8, aya 26 zuwa 39.

Iyaye da yawa suna kuka cewa yaran yanzu ba sa karatu. Amma in mun lura, suna yi. Tun shekarun 1980 da littattafan soyayya suka fara fitowa daga Kano, 'yan mata suke ara wa juna su a makaranta. Yau labaran nan sun koma cikin waya, ana tura su babi-babi ta WhatsApp, yarinya takan raba dare a kansu. Ƙishin karatu yana nan. Abin dubawa shi ne rijiyar da suke sha.

A nassinmu, ma'ajin sarauniyar Habasha yana komawa gida daga Urushalima cikin karusarsa, yana karanta littafin annabi Ishaya, amma bai gane ba. Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta. Ya hau, ya zauna kusa da shi, ya fara daga inda mutumin yake karantawa, har ya kai shi ga Yesu. Kafin su rabu an yi masa baftisma.

Baba, Mama, ga aikinmu ke nan. Matashi yana son labarin soyayya domin zancen aure ya fara shiga zuciyarsa, yana kuwa jin nauyin tambayarmu. In mun yi shiru, marubucin da ba mu sani ba shi zai amsa masa. Waɗansu labaran suna da darasi mai kyau. Waɗansu kuwa suna koya masa cewa kuɗi ne ƙauna, ramuwa kuma jarumtaka ce. Kafin ki ƙwace wayar, Mama, zauna ki ce ta ba ki labarin, ku auna shi tare da Maganar Allah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sa'an nan mu miƙa musu abin da ya fi. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Mai son labarin aminci da aure, a buɗe mata littafin Rut, sura 4 ne kawai. Mai son gwagwarmaya, a nuna masa Yusufu, daga Farawa sura 37. Zumuntar mata da ta matasa su haɗa kuɗi su sa akwatin littattafai a ikkilisiya, yara su riƙa ara. Manzo Bulus ma, yana kurkuku, ya roƙi Timoti ya kawo masa littattafansa.

Ku kuma matasa, in kun gama littafi, ku tambayi kanku: ya kusantar da ni ga Ubangiji, ko ya nisantar da ni?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba 'ya'yanmu marmarin Maganarka, mu kuma ka ba mu haƙurin zama kusa da su. Cikin sunan Yesu. Amin.