Idan Tsautsayi Ya Sami Bangon Gidan Haya



Maganarmu ta yau ta shafi duk wanda ke kwana a ɗakin da ba shi ya gina ba, ta kuma shafi wanda ya gina ɗakin ya ba da shi haya. A manyan garuruwan ƙasar nan, kamar su Legas da Ibadan da Fatakwal da Inugu da Abuja, jama'a masu ɗimbin yawa a gidajen haya suke zaune, cikinsu har da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ma'aikata da ke Agege da Idi-Araba da unguwar Sabo ta Ibadan. Wanda ya zauna da iyali cikin ɗaki shekara da shekaru kuwa, lalle wata rana wani abu zai sami bango. Ko ana shigar da gado gefensa ya ɓantare kusurwa, ko an buga ƙusa don rataye agogo filasta ta zubo, ko kuma an manta famfo a buɗe sa'ad da aka ɗauke ruwa, ruwan ya dawo da tsakad dare ya jiƙa bango.

Duk wannan tsautsayi ne, ba wanda ya fi ƙarfinsa. Abin da ke mai da shi fitina shi ne ɓoyewa. Sau da yawa ɗan haya kan jawo kabad ya tare wurin, ko ya rataya kalanda a kai, ya yi shiru har ranar tashi. Ran nan mai gida ya gani, ya ce ganganci ne, ya riƙe kuɗin ajiya duka, ramin da rabin kwanon siminti zai toshe ya kai mutane gaban alƙali. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ta fi ba shi hanya ita ce ta rashin yarda tsakanin mai gida da ɗan haya.

Ɓarna Iri Uku

Kafin a yi maganar wanda zai biya, wajibi ne a san irin ɓarnar, domin ba duka ke wuyan ɗan haya ba.

Ta farko ita ce tsufa na yau da kullum, watau fenti ya koɗe, ko inda hannu ke yawan taɓawa ya dushe, ko 'yan tsage-tsage sirara kamar gashi su bayyana a fuskar filasta. Wannan aikin zamani ne, kuɗin haya ya riga ya ɗauke shi.

Ta biyu ita ce wadda ɗan haya, ko iyalinsa, ko baƙonsa suka jawo, da saninsu ko bisa kuskure. Gyaran wannan a kansa yake. Rashin niyya yana kawar da zargi, amma ba ya toshe rami.

Ta uku ita ce cutar ginin kansa: danshi mai tasowa daga ƙasa har fenti ya kumbura ya fid da farin gishiri, ruwa mai bin bango daga rufi mai yoyo, ko tsagewa saboda harsashi ya motsa. Gyaran wannan na mai gida ne, amma sanarwa tana kan ɗan haya, tun da shi ke kwana yana tashi da bangon.

Dokar haya ta jihohi ce, kowace jiha da tata, saboda haka kowa ya nemi sanin ta inda yake zaune, ya kuma karanta takardar yarjejeniyarsa. Ga misali, Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa ɗan haya kula da gida, amma ta ware tsufa na yau da kullum. Ta hana shi sake fasalin gini sai da izinin mai gida a rubuce, ta kuma umarce shi ya sanar da mai gida da gaggawa idan babbar ɓarna ta auku. Shi kuma mai gida ta ɗora masa gyaran wajen gida da wuraren da 'yan haya ke tarayya a kai.

Abin Da Za A Yi Nan Take

Da farko a tsare rai. Cikin bangon gidajen zamani akwai wayar lantarki da bututun ruwa a binne. Waya galibi takan miƙe sama ko ƙasa daga makunnin fitila da soket, bututu kuwa yana bangon kicin da makewayi. Idan ƙusa ta taɓa waya, a kashe babban makunnin gidan, kada kowa ya taɓa ƙusar, a kira mai gyaran lantarki. Idan bututu aka huda, a rufe inda ruwa ke shigowa.

Na biyu, a ɗauki hoton wurin da wayar hannu kafin a taɓa kome, a ajiye biro ko akwatin ashana kusa da ramin domin a ga girmansa.

Na uku, a gaya wa mai gida ko wakilinsa a ranar, ko washegari. A faɗa da baki don ladabi, sa'an nan a bi da wasiƙa ko saƙon waya don shaida. A bayyana abin da ya faru yadda ya faru, ba ragi ba ƙari.

Na huɗu, a zauna a daidaita: wa zai kawo birkila, nawa ne kuɗin aiki da kaya, yaushe za a gama. A rubuta, kowa ya sa hannu, in da hali gaban shaida, a kuma adana rasidin siminti da fenti.

Yadda Gyara Nagari Yake

Kada ɗan haya ya cusa takarda ko sabulu a rami ya shafe da fenti. Wannan yaudara ce, kuma ba ta daɗewa. Bulon da ake gini da shi, na inci 6 ko inci 9, yana da rami a ciki, filastar da ke kansa kuwa kaurinta wajen rabin inci ne, shi ya sa ƙaramin duka kan ɓamɓaro wuri mai faɗi. Birkila na ƙwarai zai kankare duk abin da ya saki, ya share ƙura, ya jiƙa wurin da ruwa, sa'an nan ya kwaɓa kwano 1 na siminti da kwano 4 ko 5 na yashi mai laushi. Rami mai zurfi ba a cika shi gaba ɗaya, sai a yi shafe biyu. Bayan haka a riƙa yayyafa ruwa kamar kwana 7, domin siminti da ya bushe da sauri tsagewa yake yi. Sai ya bushe sarai a yi fenti, kuma ya fi kyau a shafe bangon daga kusurwa zuwa kusurwa, don sabon fenti ba ya sajewa da tsoho.

Tsagar Da Ba A Wasa Da Ita

Akwai tsagewar da ba ta birkila ba ce. Idan kuka ga tsaga ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta taso a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko bakin biro yana shiga cikinta, ko ta fito a ginshiƙi, ko ƙofa ta soma cijewa alhali da ba ta yi, to, gini ne ke magana. Ku yi alama da fensir a ƙarshen tsagar, ku rubuta kwanan wata. In ta wuce alamar, tana ƙaruwa ke nan. Ku gaya wa mai gida ya kawo injiniya, in ya ƙi ku kai ƙara ga hukumar kula da gine-gine ta jiharku. A watan Maris na 2019 wani bene ya rushe a Ita-Faji cikin tsibirin Legas, mutane wajen 20 suka rasu, da yawansu yara 'yan makaranta. Kada tsoron a ce kai ka fasa ya sa ka rufe bakinka a kan abin da zai iya cin rayuka.

Kira Ga Masu Gidaje

Ku kuma masu gidaje, wanda ya zo da kansa ya ce ga abin da ya faru, amana ya riƙe, kada ku sa ya yi nadama. Kuɗin ajiya na ɓarna ba ƙarin kuɗin haya ba ne. A cire abin da gyara ya ci, a nuna lissafi, a mai da saura. Bai kamata a ɗora wa mutum fentin gida duka saboda rami guda ba. Kuma ɓarnar bango ba ta ba kowa ikon kulle ɗaki, ko cire rufi, ko watsa kayan ɗan haya waje ba. Fitar da ɗan haya sai da sanarwa bisa ƙa'ida da umarnin kotu.

Idan magana ta ƙi daidaituwa, a fara da dattawan unguwa ko Sarkin Hausawa. A Legas akwai cibiyar sasanta jama'a da Ma'aikatar Shari'a ta jihar ta kafa a 1999, wadda ke sauraron rikicin haya. Kotu ita ce matakin ƙarshe.

Daga ƙarshe, tun ran gini ran zane. Ranar da za a karɓi mabuɗi, mai gida da ɗan haya su zaga ɗaki ɗaki tare, su rubuta halin da kowane bango yake ciki, su ɗauki hoto, kowa ya riƙe kwafinsa. A kuma tambaya tun a ranar inda aka yarda a buga ƙusa. Wanda ya yi haka, ranar tashi takarda ce za ta yi magana, a rabu da mutunci kamar yadda aka haɗu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.