Bayan An Kwance Ɗori: Jinyar Ɗan Ƙwallon Hannu a Filin Yashi

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman wasanni da ma'aikatan lafiya na Ikara, Maƙarfi da Kudan



Da aka ba ni wannan batu, wani abokin aikina ya yi dariya ya ce, "Malam, ina teku a yankin nan?" Gaskiyarsa. Ƙwallon hannu ta bakin teku a Italiya aka soma ta a farkon shekarun 1990, gasarta ta duniya ta farko kuma a El Gouna ta Masar aka yi a 2004. Sai dai teku ba ya cikin dokar wasan, yashi ne a ciki: fili mai tsawon mita 27 da faɗin mita 12, mutum huɗu-huɗu, ba takalmi, zagaye biyu na minti goma-goma. Yashi kuwa, da ruwa ya ɗauke rafuka suka ƙafe, sai tifa ta gaji da kwasa. A kansa ake kokawa, a kansa yaranmu ke tsalle-tsalle. Ita kanta ƙwallon hannu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Matan Nijeriya sun ci kofin Afirka a 1991, suka je gasar Olimfik ta Basalona a 1992, kuma ƙungiyoyi irin su Kano Pillars da Kada Stars ba daga sama suke samo ƴan wasa ba, daga filayen makarantu ne irin namu.

Yashi ya fi daɓen siminti sauƙin faɗuwa, amma ba ya tsayawa wuri ɗaya a ƙarƙashin ƙafa. A wannan wasa, wanda ya daka tsalle ya juya a sama kafin ya jefa, maki biyu ake ba shi, don haka kowa juyi yake so. Wurin dirowa ake samun targaɗen idon sawu da murɗewar gwiwa. Kafaɗa tana gajiya da jifa, yatsu suna gocewa wajen cafe ƙwallo. Mu nan muna da ƙari: fasassun kwalabe da ƙaya a cikin rafi, ga ranar bazara da ke mai da yashi kamar garwashi. Wanda ya yanke a rafi, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a yi masa allurar tetanas. Wannan bai buƙatar dogon bayani.

Abin da ke buƙatar bayani shi ne, mafi yawan waɗannan raunuka ba na ƙashi ba ne, na jijiya ne. A Hausa kalma ɗaya muke da ita ga hanyar jini, da abin da ke ɗaukar ji, da igiyar da ta ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Ta ukun nake nufi. Idan yaro ya ji ciwo, wurin maɗori ake fara kai shi, kuma ba na ganin laifin iyaye. Yana kusa, ya san gidan, ba ya cewa a biya kafin a taɓa. Amma sana'arsa karaya ce, karaya yake nema. Gaɓar da jijiyarta ta yage, idan aka ja ta, aka murza, aka ɗaure da kara tamau, ƙara mata ciwo aka yi. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka daina ji, ko zafin ya hana barci, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, domin jini ne ya daina wucewa, kuma ta haka ake rasa hannu ko ƙafa. Likitocin Ottawa a Kanada sun fitar da ma'auni mai sauƙi a 1992: wanda ya kasa taka ƙafar sau huɗu, ko ƙashin idon sawun ke zafi idan an danna bayansa, a ɗauki hoton ƙashin. A fara da asibitin Ikara, Maƙarfi ko Hunkuyi. Abin da ya fi ƙarfinsu akwai asibitin Shika, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

To, a ce an yi duk wannan daidai. Kumburi ya saɓe, zafi ya tafi, an kwance ɗori. A nan muke asarar yaranmu. Na taɓa samun wani ɗalibi mai jifa da hagu, wanda gwiwarsa ta murɗe a wani wasan makarantu. Bayan mako uku ya zo ya ce, "Malam, na warke." Na dube shi yana tafiya ba ɗingishi, ga gasa ta matso, na sa shi. Bai yi minti biyar ba gwiwar ta sake zamewa, ba wanda ya taɓa shi. Yau ko kwandon tumatir ya ɗauka sai ya ji ta. Ni na sa shi, ba maɗori ba.

Zafi yana riga warkewa tafiya. Tsokar cinya da ta yi makonni ba aiki ta rame, gaɓa kuma ta manta yadda take gyara kanta idan ƙasa ta goce. Dawo da waɗannan biyu shi ne aikin da muke kira gashin ƙashi, kuma sunan yana ruɗar mutane, sai su zaci ruwan zafi ne da tsumma. Gashi ɗan taimako ne, ainihin maganin motsi ne da ake ƙara masa nauyi sannu a hankali. Ko Dakta Gabe Mirkin na Amurka, da ya yaɗa shawarar hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, ya dawo a 2014 ya ce yawan hutu da ƙanƙara na iya jinkirta warkewa. Kwana biyu ko uku na farko a lallaɓa. Daga nan a fara motsa gaɓar, a taka gwargwadon iko, a riƙa ɗagawa a kan yatsun ƙafa, a tsaya da ƙafa ɗaya, ido buɗe, sannan ido rufe.

Yashin da ya jawo ciwon, a wannan mataki shi ne kayan aiki. Gudu a kansa yana cin ƙarfi fiye da gudu a tsandauri da kusan ninki ɗaya da rabi, amma bugun da gaɓa ke sha ya fi sauƙi. Sai dai a bi tsari: tafiya a ƙasa mai laushi, sassarfa, gudu miƙe, sannan kwana, tsalle da juyi su zo ƙarshe. Kafin a koma gasa, a ja layi, ya yi tsalle da ƙafa mai lafiya a auna, ya yi da mai ciwon a auna. Idan ba ta kai kashi 90 cikin 100 na ƴar'uwarta ba, da saura. Wani bincike da aka yi tsakanin Oslo da Delaware, aka buga a 2016, ya nuna cewa ga wanda aka yi wa aikin jijiyar tsakiyar gwiwa, duk watan da ya ƙara haƙuri har zuwa wata tara, haɗarin sake jin ciwo yana raguwa da kusan rabi. Wata tara, ba mako uku ba. Shi kuwa yaron da ya biya ta kemis ya haɗiyi taramol don ya buga wasan ƙarshe, ƙararrawa ya kashe, gobara na ci.

A Norwe an gwada ɗumama jiki na minti 15 zuwa 20 a kan matasa ƴan ƙwallon hannu 1,837, ana koya musu dirowa gwiwa a lanƙwashe tana saitin yatsun ƙafa. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna raunin gwiwa da idon sawu ya ragu da kusan rabi. Ba na'ura a ciki, ba kuɗi.

Roƙona ga wannan taro bai da tsada. Kowane malamin wasa ya ajiye littafi: sunan yaro, ranar ciwo, gaɓar da ta samu rauni, da awon tsallen nan, kuma kada wanda ke neman kofi ya zama shi kaɗai ke cewa an warke. A gayyato maɗora zama na gaba, a yi magana da su kan alamomin da za su gani su tura asibiti. Sannan a nemi likitan gashin ƙashi daga Zariya ya riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata, a saka shi ranar kasuwar Maƙarfi, tunda ranar mota ba ta wuya daga ƙauyuka.