Jawabin Sakatare: Haƙƙinmu da Harshen Masu Masaukinmu



Kullum muka taru, kukanmu ɗaya ne: takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, da gurbin karatu ga 'ya'yanmu. Kukan yana kan hanya, domin sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa. To amma yau ina so mu saurari kukan masu masaukinmu.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, kasuwa ta buɗe, Hausa ta bi ta. Yau a Gashuwa yaro Babade yakan girma da Hausa a baki, harshen kakarsa sai gaisuwa. Wato zamanin da yake cin harshen Bade, da bakinmu yake magana.

Su kuwa ba su ƙi zamani ba. Ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, ga kuma bikin kamun kifi na Gogaram, tsohuwar hedikwatarsu. A 2004 malamansu, tare da Farfesa Russell Schuh na Amurka, suka fitar da ƙamus na Bade da Turanci da Hausa. Da boko suka kare abin gado. Nan Machina ma, Mangawa na fada ba sa kashe maciji, kuma ba su nemi mu yarda da dalilinsu ba, sai dai mu girmama.

Don haka ina roƙon kwamiti ya gayyato malami ɗan gari ya riƙa koya mana gaisuwar Manganci a ajin yaƙi da jahilci, ko da rabin awa a mako.