Yadda Yaro Ke Ganin Kansa, Haka Zai Zaɓi Karatunsa

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malamin sakandare ya yi wa iyayen yara, 'yan Arewa mazauna Kudu.

Malamin ya ce tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, ta hannunta mai neman shiga jami'a yake bayyana fannin da yake so ya karanta. Amma kafin ranar rajista ta zo, yaro ya riga ya yanke wa kansa hukunci a zuci, ko shi mai iyawa ne ko kuwa a'a.

Ya ce masana sun daɗe da lura da wannan. A 1953 wani masani ɗan Amurka, Donald Super, ya bayyana cewa mai zaɓen sana'a yana neman ya tabbatar da irin mutumin da ya ɗauki kansa ne. A 1959 kuma John Holland ya fito da nasa ra'ayin, wanda ya kasa sha'awar mutane gida shida: masu aikin hannu, masu bincike, masu fasaha, masu hidimar jama'a, masu kasuwanci da shugabanci, da masu tsare lissafi da takardu. A ganinsa, wanda karatunsa ya dace da sha'awarsa ya fi samun natsuwa, ya kuma fi jimiri a kai.

Malamin ya ci gaba da cewa a nan ne haɗarin yake. Yarinyar da ke son binciken kimiyya, in kullum ana gaya mata lissafi ba na irinta ba ne, sai ta gudu zuwa fannin da ba ta so. Haka yaron da hannunsa ya faɗa kan gyaran inji, in an tilasta masa karatun lauya don a ce gidan ya yi lauya, zai kwashe shekara biyar yana karatun da ransa ba ya ciki, kuɗin da uban ya tara a kasuwa kuwa suna zurarewa.

Daga ƙarshe ya roƙi iyaye su lura da aikin da yaro ke yi ba tare da an sa shi ba, su zauna da shi su ji ta bakinsa, su kuma tuntuɓi malamansa. Ya ce maganar da yaro ke ji a gida game da kansa, ita yake ɗauka zuwa wurin rajista.