Maiƙon da zafi ba ya narkar da shi



Kowa ya san abin da rana take yi wa man shanu: ka bar shi a waje, kafin azahar ya zama ruwa. To, kowace ƙwayar halitta, ta jikinmu da ta saniya, naɗe take cikin tantani na maiƙo. In ya narke, abin ciki ya tsiyaye, shi ke nan.

Amma fa akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu da ido ba ya gani, ana kiransu arkiya. Ɗaya daga cikinsu, Sulfolobus, an bayyana ta a 1972, bayan an same ta a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yalosuton a Amurka. Tana jin daɗinta a zafi mai digiri 75 zuwa 80. Me ya hana tantaninta narkewa?

Sirrin yana wajen saƙa. Da farko takan ƙera ƙananan tubala, kowane da ƙwayar kabon 5, irin tubalin da ke cikin ƙaron roba. Ta jera 4 su zama zare mai kabon 20. Sai ta ɗaure zare biyu a jikin gilisarin, da ƙullin da zafi da tsami ba sa kwance shi da sauƙi.

Namu tantanin shimfiɗa biyu ne, kamar tabarma kan tabarma. Ita kuwa sai ta haɗa wutsiyar zaren sama da ta ƙasa, su zama dogon zare guda mai kabon 40. Ka ga ba sauran zamewa. In zafi ya ƙaru, ta ƙara ƙulla zobba a jikin zaren, har zuwa 8, saƙa ta ƙara tsukewa. Sai a 2022 masana suka gano sinadarin da ke haɗa wutsiyoyin nan.

Ina ruwanmu, in ji wani? Ai danginsu na nan cikin tumbin shanunku, su ke yin iskar da saniya ke gyatsawa. Kuma masana na gwada naɗe magani da rigakafi cikin wannan maiƙo, saboda juriyarsa. Abin dai yana matakin gwaji. Kafin nan, allurar da malamin dabbobi ya ce a ajiye cikin sanyi, kar a bar ta a rana.

Allah ya tsare hanya, ya kare dukiya. Sai mako mai zuwa.