Ɗan Tsinken da ke Tsayar da Ruɓar Haƙori

Daga cikin kayan aikin likitan haƙori akwai wani ɗan tsinken roba mai tattausan gashi a kai, wanda girman kansa bai kai ƙwayar gero biyu ba, da shi ake ɗibar ɗigon magani a shafa a kogon haƙori ba tare da ya malala a dasashi ba. Muhimmancinsa ya ƙaru tun 2021, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wani ruwan magani mai haɗin azurfa da fuloraid cikin jerin muhimman magunguna, domin azurfar tana kashe ƙwayoyin cuta, shi kuma fuloraid, sinadarin da ake sawa a man goge baki, yana ƙarfafa ɓawon haƙori.

Aikin shafa wannan magani da tsinken ba ya buƙatar lantarki, ko injin huda haƙori, ko allurar kashe zafi, saboda haka ya dace ƙwarai da ƙananan asibitocin Roni da Gwiwa a jihar Jigawa, inda kai yaro babban asibitin Kazaure ko na Ɓaɓura kan cinye wa iyaye kuɗin mota da yinin gona. Sai dai wurin da ya ruɓe yakan yi baƙi har abada, kuma wajibi ne a sanar da iyaye wannan kafin a shafa.

Tsinken na mutum ɗaya ne, sau ɗaya. Wanke shi don a sake amfani da shi ganganci ne da ke iya yaɗa ciwon hanta, don haka ya kamata gwamnatin Jigawa ta riƙa samar da shi wadatacce tare da maganin.